Yadda Muka Ƙara wa Rumbun Ƙungiya Faifai

Shugaban taro, malamanmu masu girma, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

An umurce ni in faɗi inda aka kwana game da tsofaffin takardun makarantarmu. Kun san gara ta fara cin rajistar shiga da sakamakon jarrabawa a sito, wasu tun muna Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Mun ɗauki hotonsu shafi-shafi, mun zuba a wata kwamfuta da muke haya ta intanet. Ba a Gusau take ba, ni ma ban taɓa ganinta ba. Tana ƙasar waje, muna biya da dala duk wata.

Da reshen Tsafe da na Bunguɗu suka kawo nasu hotunan, sai faifan ajiyarta mai gigabait 30 ya cika maƙil. To, manomi in rumbunsa ya cika ba ya rushe shi, sabo yake ginawa a gefe. Na yi hayar faifai na biyu, na haɗa shi da kwamfutar cikin 'yan mintoci. Irin wannan haya ba sabuwa ba ce, kamfanin Amazon ya fara ta tun 2008.

Amma haɗawa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Sai an tsara sabon faifan, kamar yaɓen cikin rumbu, kuma a nan hannuna ya yi rawa, domin in ka kuskure sunan faifai, tsohon za ka shafe ƙal. Sannan a buɗe masa ƙofar da za a riƙa shiga.

Ga inda na yi tuntuɓe. Na manta in rubuta shi a fayil ɗin fstab, wanda Linux ke dubawa duk lokacin da ta tashi. Ranar da kwamfutar ta sake tashi, wani ɗan ajinmu na Bunguɗu ya bugo waya yana neman sakamakonsa, na duba, wayam! Ban yi barci ba. Ashe kayan suna nan, ƙofa ce ba ta buɗe ba. Layi ɗaya ya gyara.

Ranka ya daɗe ma'aji, kuɗin faifai gwargwadon girmansa ne, ko an cika shi ko ba a cika ba, don haka haya ta ƙaru. Ina kuma roƙon a saya mana faifan hannu, mu ajiye kwafi ɗaya a nan Gusau.