Bashin Da Ba Ya Ƙarewa: Shari'ar Uwar 'Ya'ya Bakwai A Birnin Washington

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma akwai irin bashin da ake shirya shi musamman don kada mai biya ya taɓa ganin ƙarshensa. Irin wannan ne ya kai wata mata gaban alƙalai a birnin Washington, har sunanta ya shiga littattafan da ɗaliban shari'a ke karantawa a ko'ina cikin Amurka.

Sunan matar Ora Lee Williams. Ta rabu da mijinta, tana riƙe da 'ya'ya bakwai, ba ta kuwa da wata hanyar samu sai taimakon dala 218 da hukuma ke ba ta kowane wata. Tun daga ƙarshen shekarar 1957 take ɗaukar kaya bashi daga wani kantin kayan ɗaki mai suna Walker-Thomas, tana biya kaɗan-kaɗan: zannuwan gado, labule, kujeru, katifu, har da injin wanki. A watan Afrilu na 1962, lokacin da ragowar bashinta ya sauko zuwa dala 164, sai aka sayar mata da garmaho na zamani a kan dala 514 da senti 95. Masu kantin sun san halin da take ciki sarai, domin an rubuta adadin taimakon da take samu a bayan takardar cinikin. Ba a daɗe ba ta kasa biya. Jimlar kayan da ta ɗauka cikin waɗannan shekaru ta kai dala 1,800, ta kuma biya kamar 1,400. Duk da haka kantin ya nemi kotu ta ba shi ikon kwashe dukan abin da ta saya tun daga 1957, ba garmahon kaɗai ba.

To, yaya aka yi haka ta yiwu? Asirin yana cikin wani sharaɗi da aka cusa a takardun da ƙananan haruffa. Bisa ga takardar, kayan haya ne a hannun mai saye, mallakarsu tana wurin kanti har sai an gama biya. Sa'an nan duk kuɗin da mutum ya kawo, ba a fara share tsohon bashi da shi. Ana rarraba shi ne a kan kowane abu gwargwadon abin da ya rage a kansa. Watau idan mutum ya kusa gama biyan gado, sai ya ɗauki kujera, to gadon ba zai zama nasa ba sai ranar da ya gama biyan kujerar. Ta haka 'yan senti kalilan kan rage a kan kowane tsohon abu, su zama igiyar da za a jawo shi da ita. Matar ta sa hannu a takardu 14, ta kuma shaida wa kotu cewa yawancin cinikin a gidanta aka yi, ba a kuwa bar mata kofen takardun ba.

Ƙaramar kotu ta ba kantin gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta birnin, a 1964, ta yi tir da halin masu kantin, amma ta ce ba ta ga dokar da za ta hana su ba, sai dai Majalisar Dokokin Amurka ta yi gyara. A zamanin nan mutanen Washington, waɗanda fiye da rabinsu baƙar fata ne, ba su da zaɓaɓɓiyar majalisa tasu. Majalisar ƙasa ce ke yi musu doka, ba a kuwa zartar da dokar ba su 'yancin gudanar da harkokin birninsu ba sai a 1973.

A watan Agusta na 1965 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta yanke hukunci a kan maganar. Wanda ya rubuta hukuncin shi ne Mai shari'a Skelly Wright, wanda tun da farko ya yi suna a birnin New Orleans, inda ya ba da umurnin haɗa 'ya'yan farar fata da na baƙar fata a makarantu ɗaya a 1960. Ya amince cewa bisa ga tsohuwar ƙa'ida, wanda ya sa hannu ya ɗauki alkawari, ko ya karanta ko bai karanta ba. Amma ya ce kotu tana da ikon ƙin zartar da yarjejeniyar da ta wuce gona da iri, idan abu biyu suka haɗu: ɗaya daga cikin masu cinikin ba shi da wani zaɓi na gaskiya, sharuɗɗan kuma sun karkata ƙwarai ga ɗayan. Dole a duba ilmin mai saye, da ƙarfinsa wajen ciniki, da kuma ko an ɓoye masa sharaɗin. Kotun ba ta ce matar ta yi nasara kai tsaye ba. Ta mayar da shari'ar ƙaramar kotu ne don a auna ta da wannan ma'auni.

Ba dukan alƙalan ne suka yarda ba. Mai shari'a John Danaher ya yi gargaɗin cewa matalauta suna bukatar bashi, masu kanti kuma kasada suke yi da dukiyarsu. Abin da ake tsoro shi ne, idan kotu ta riƙa warware ciniki, za a daina ba talaka kaya, ko a tsawwala masa kuɗi. Har yau masana ba su daina wannan muhawara ba.

Sai dai bincike ya nuna girman matsalar. A 1968 Hukumar Ciniki ta Tarayya ta duba kantunan Washington, ta gano cewa kayan da aka saro a kan dala 100 ana sayar da su kamar dala 159 a sauran kantuna, amma dala 255 a kantunan unguwannin talakawa. A shekarar ne Majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa masu ba da rance su bayyana ainihin kuɗin ruwa. A 1976 birnin ya kafa tasa dokar kare masu saye. Daga 1985 kuma Hukumar Ciniki ta hana masu ba da rance riƙe kayan amfanin gida a matsayin jingina, in ba bashin sayen kayan ne kansa ba. A 2007 majalisar birnin ta ƙayyade ruwan ƙananan rance na jiran albashi a kan kashi 24 cikin ɗari a shekara.

Duk da haka dabarar ba ta mutu ba, riga ta sake. Ƙananan haruffan sun koma cikin wayar hannu, inda mutum kan danna alamar amincewa da shafuka masu yawa da bai karanta ba. A Nijeriya ma, a 2022, hukumar kare masu saye ta tarayya ta ɗauki mataki a kan wasu masu ba da rance ta waya, waɗanda ke aika saƙon cin mutunci ga dangi da abokan wanda ya makara da biya.

Gaskiya ne alkawari kaya ne, wanda ya ci bashi kuma wajibi ne ya biya. Abin da shari'ar Ora Lee Williams ta ƙara shi ne, kafin alƙali ya tilasta wa mutum ɗaukar kaya, ya kamata ya tambaya ko an nuna masa nauyinsu kafin a ɗora masa.