Jawabi A Kan Wasan Kwaikwayo Da Tsare Labarin Gari

  Maganar da za a yi a kan wasan kwaikwayo ce, da yadda mutanen ƙauye su ke tsare labarin garinsu da shi, da kuma abin da mutanen Maƙera za su iya ɗauka daga gare su tun lokaci bai ƙure ba.

Mutane da yawa in sun ji an ce wasa, sai su ɗauka shiririta ce ta yara. Amma duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami a ofishin En'e ya san iyakar abin da takarda ta ke ɗauka. Littafin haraji ya rubuta yawan mutane, na jangali ya rubuta yawan shanu, na alƙali ya rubuta hukunci. Ba inda aka rubuta yadda mai gida ya kwana ran da aka ce gobe za a zo karɓar haraji, ga shi kuwa rumbunsa wayam. Irin wannan labari a bakin tsofaffi ya ke, in kuwa ba a karɓe shi ba, tare da su za a binne shi. Ko an karɓa an rubuta, mutum nawa ne za su karanta? Amma in aka fito dandali aka kwaikwayi abin, da mai karatu da wanda bai san bihim ba duk za su fahimta, don Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Wannan dabara kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. In azumi ya kwana goma, yara su kan fita tashe gida gida, suna kwaikwayon halayen manya, a yi dariya, a kuma ɗauki gargaɗi. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda mata su kan kwaikwayi sarki da fadawansa, har sarki ya ga halinsa da idonsa ba wanda ya yi masa rashin ladabi. A ƙauyuka kuma akwai kalankuwa, wadda a kan yi bayan an kawar da amfanin gona. Ta Bomo, kusa da Samarun Zariya, ta yi suna ƙwarai. Samari su kan naɗa shugabanninsu na wasa, su ba su muƙamai irin na masu mulki, su yi shiga irin tasu, su yi shari'a, su ci tara. Haka kuma a Damagaram, watau Zinder ta ƙasar Nijar, akwai wasan kara, inda a kan kwaikwayi sarki da manyan gwamnati, har Inoussa Ousseini ya ɗauke shi a sinima. Wanda ya kalli waɗannan wasanni da idon basira zai ga tarihi ne a ke maimaitawa, gama yaron da ya kwaikwayi ɗan doka yana nuna wa na baya yadda ɗan doka ya ke tafiya da yadda a ke tsoronsa.

Da makarantun boko suka zo, sai wasa ya shiga takarda. Dokta East na ofishin talifi a Zariya ya shirya wasanni shida da Hausa don 'yan makaranta. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna wajen 1940, ya riƙa tsara wasannin da ke tona asirin zalunci da cin hanci, kuma ma'aikatan En'e na lokacin ba su kuɓuta daga bakinsa ba. Daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. A nan Kaduna kuma, cikin shekarun 1970, Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne, ya fito da Samanja, ya adana wa na baya zaman bariki da Hausar bariki, abin da ba wani littafin tarihi da ya kula da shi.

Akwai kuma waɗanda suka ɗauki labarin dā da gangan suka kai shi dandali. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ke ba da labarin zamanin bauta da fataucin hamada, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasa, aka buga a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya yi sinimarsa a 1976. A Nijar, André Salifou, masanin tarihi haifaffen Zinder, ya rubuta wasa da Faransanci a kan Tanimun, Sarkin Damagaram, aka buga shi a 1973. Waɗannan ayyuka ne masu daraja. Sai dai duk na masu ilmi ne, a birni aka yi su, labarin kuma na manya ne. Sauran talakan ƙauye da nasa labarin.

Wannan giɓi shi malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka yi ƙoƙarin cikewa. A 1975 Michael Etherton ya kafa koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar, aka kuma gina ɗakin wasa na ƙasa a Samaru, bisa fasalin gidan Bahaushe, wanda wani magini Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya zana. Ba su daɗe ba suka lura manomin da ke zagaye da jami'a ba zai ƙetare ƙofarta ya zo kallo ba. Saboda haka suka ce tun da ya ke shi ba zai zo ba, su za su tafi. A 1977 aka yi Wasan Manoma a Soba, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ke kiran kowa ya koma gona. A 1979 aka tafi Maska, ta wajen Funtuwa, inda aka kafa babban shirin noma da rancen Bankin Duniya. Bayan wannan aka yi shekaru ana aiki da mutanen Bomo. Cikin waɗanda suka riƙe aikin akwai Salihu Bappa da Oga Steve Abah.

Ga yadda su ke yi. Ba su zuwa da wasa a rubuce. Su kan fara gai da mai gari su nemi izini, sa'an nan su bazu cikin ƙauye, su zauna da mutane a gindin bishiya da bakin rijiya da kan gona, su yi ta saurare. In dare ya yi sai su taru su baje abin da suka ji, su tsamo damuwar da ta fi yawa a bakin jama'a, kamar rabon takin zamani, ko gonar da ta fita hannun mai ita. Daga nan a ƙulla labari, a gwada, kowa ya faɗi magana da bakinsa. Da farko ɗalibai ke yin wasan, mutanen gari na kallo. Daga baya aka gane wannan bai isa ba, sai aka sa manoma da kansu su shiga, su gyara inda aka yi kuskure, a tsai da wasa a yi muhawara, sa'an nan a ci gaba. Ko da ya ke damuwar yau aka je nema, tilas a taɓo jiya, domin ba yadda za a nuna gona ta salwanta ba tare da an faɗi wanda ya sare dajin ba, da wanda ya gada, da wanda ya zo da takarda ya ce ta zama tasa.

To, me ya haɗa Maƙera da wannan, tun da ya ke yanzu birni ce, har ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu? Abin da ya haɗa su shi ne, ƙauyuka ne birni ya haɗiye, kuma labarinsu bai yi nisan da za a kasa kamo shi ba. Kafin Turawa su zo, Gbagyi, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari, su ke noma waɗannan filaye na bakin kogi, ga sunan Kakuri Gwari nan yana shaida. Sai hanyar jirgin ƙasa ta ratso ta ƙetare kogin, ta isa Kano a 1911. A 1917 aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo Kaduna. A 1927 hanyar jirgi ta gabas, wadda ta taso daga Fatakwal ta biyo Kafanchan, ta zo ta haɗu da ta farko a kudancin kogi. Leburori da masu sana'a da 'yan tireda suka yi ta sauka daga kowace kusurwa, har wurin ya zama ba yaren da ba a ji.

Sa'an nan zamanin masaƙu ya zo. A 1957, zamanin Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila, David Whitehead, ana saƙa akoko da audugar ƙasar nan. Cikin shekarun 1960 wasu masaƙu suka biyo baya, kamar Arewa Textiles da United Nigerian Textiles, a 1975 kuma aka buɗe ma'aikatar haɗa motar Peugeot. Dubban mutane suka ci abinci a nan. In an tashi daga aiki, kekuna su kan cika hanya, masu tuwo da masu shayi na jira a bakin ƙofa, mai gidan haya ya san ranar albashi kamar shi ke karɓa. Daga baya al'amari ya juya. Wuta ta yi ƙaranci, injuna suka tsufa, yadin waje mai araha ya cika kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsai da aiki a 2007, ma'aikata da yawa suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu. Ga kuma fitinun 2000 da 2002, waɗanda suka sa jama'a ƙaura, kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa, har kogi ya zama kamar iyaka tsakanin mutanen da dā su ke cin abinci a akushi ɗaya.

Mai sauraro ya yi lissafi da kansa. Saurayin da ya shiga masaƙa a 1957 yana da shekara 20, in yana raye ya kusa 90. Yaron da aka haifa shekarar da aka rufe ta ya riga ya zama magidanci, bai taɓa jin ƙarar injinta ba, kango kawai ya sani. In ba wanda ya haɗa wannan tsoho da wannan yaro, yaron zai tashi yana tsammani haka Maƙera ta ke tun fil azal, ba aikin yi, kuma Musulmi da Kirista ba su taɓa tsayawa kan inji guda ba. Wanda bai san an taɓa zama lafiya ba, da wuya ya yarda za a iya sakewa.

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Filin makarantar firamare ya isa dandali, tsofaffin tufafi sun isa kayan wasa. Abin da a ke bukata shi ne samari da 'yan mata masu haƙuri, su bi dattawan Gbagyi, da tsofaffin ma'aikatan jirgi da na masaƙa, da matan da suka yi sayar da abinci a ƙofar ma'aikata, su tambaye su da ladabi. A raba labarin kashi kashi, daga gona zuwa jirgi, daga jirgi zuwa masaƙa, daga masaƙa zuwa yau. Kafin a nuna wa jama'a, a fara nuna wa waɗanda suka ba da labarin, in sun ce ba haka aka yi ba, a gyara.

Amma fa a yi hattara, gama tarihi wuta ne, yana dafa abinci, yana kuma ƙona gida. Maganar wa ya riga wa zuwa, da ta fili, da ta sarauta, sun sha raba 'yan'uwa. Saboda haka a bi hanyar alƙali, kada a kafa hukunci da shaidar mutum ɗaya. In riwaya biyu sun saɓa, a nuna su duka, a bar masu kallo su auna. Kada a kama sunan wani gida a kunyata jikoki da laifin kakansu. Kada kuma a bari wasan ya koma roƙo, ana wasa wanda ya ba da kuɗin haya, domin ran da 'yan wasa suka zama maroƙa, ran nan jama'a za su daina gaskata su. Labarin fitina kuwa, in za a taɓa shi, a nemo waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu suka tsirar da su, a fara da su.

Su kuma ma'aikatan hukuma, na dā da na yanzu, nasu rabon a bayyane ya ke. Tsohon malamin haraji da tsohon ɗan doka shaidu ne, su buɗe baki su faɗi abin da suka gani, mai daɗi da marar daɗi. Wanda ke kan kujera ya ba da fili da izini, kada ya nemi a ba shi wasan ya tace. In ya zo kallo ya ga an kwaikwayi mai irin muƙaminsa ana dariya, ya tuna sarakunan dā sun zauna an yi wasan gauta a gabansu, rawaninsu kuwa bai faɗi ba.

Iyakar jawabin ke nan. Allah ya jiƙan magabata, ya ba dattawa tsawon rai har a karɓi abin da ke bakinsu, ya zaunar da Maƙera da kewayenta lafiya, amin.