Rage Tuwo da Shinkafa: Ina Labarin Haƙora?



Tun da na shigo zauren nan mutum uku suka gaya mini sun rage tuwo da shinkafa da burodi, wani don ƙiba, wani don ciwon sukari. A matsayina na likitan haƙori, murna nake yi. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki da sukari da sitaci suke rayuwa. In sun ci, sai su fitar da tsami mai cinye farin ɓawon haƙori, miyau kuwa yakan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ya kashe wannan tsami. Nama da ƙwai da kifi ba sa ba su abin ci. Saboda haka wanda ya rage sitaci yakan samu sauƙin ruɓewar haƙori, sau da yawa jinin dasashi ma ya ragu.

Amma ga inda ake tuntuɓe. A asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin, tsakanin 1945 da 1953, an yi gwaji a kan masu taɓin hankali ba da yardarsu ba, abin kunya ƙwarai. Abin da ya fito shi ne, waɗanda aka riƙa ba alewa mai danƙo tsakanin abinci su suka fi lalacewar haƙora, fiye da masu cin sukari tare da abinci. Wato yawan maimaitawa ya fi ɓarna. To, kai da ka bar tuwo amma kana kurɓar shayi mai sukari daga hantsi har la'asar, haƙoranka ba su san ka canza komai ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 6 a yini.

Sai masu shan ruwan lemon tsami kowace safiya don narkar da kitse. Wannan tsami da kansa yake zaizaye haƙori, kuma ɓawon da ya tafi ba ya dawowa. In kun sha, ku kuskure baki da ruwa, ku jira awa ɗaya kafin buroshi ko aswaki.

Wanda ya tsananta barin sitaci kuma yakan yi warin baki da bushewar miyau a makonnin farko. Ya yawaita shan ruwa. Mai shan maganin sukari kuwa, don Allah ya ga likitansa kafin ya fara, domin sukarin jini na iya faɗuwa har mutum ya suma.