Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Kwaleji a Jihar Maraɗi



Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Shugaban makaranta da malamai, iyaye maza da mata, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, ina gaishe ku baki ɗaya.

Cikin waɗanda suka ci jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji bana akwai yaran da ba a ƙasar nan suka fara riƙe alli ba. Iyayensu sun tsallako iyaka tun daga 2019, lokacin da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakkwato, Zamfara da Katsina. Mutanen Gidan Rumji da na Madarunfa suka raba hatsinsu da su, kafin a tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Wannan karamci yana da asali. Sarautar Maraɗi ta Katsina ce, ta Tsibiri kuwa ta Gobir, don haka wanda ya gudo daga Katsina ko Sabon Birnin Gobir gidan dangi ya sauka.

Sai dai da aka zo aji, zumunci bai wadatar ba. Yaron da ya kai sakandare da Turancin Ingilishi ya tarar da allo cike da Faransanci. Takardunsa sun ƙone tare da gidansu, makarantar da za ta shaide shi kuma an rufe ta. Sai a mayar da shi firamare, ɗan shekara 14 a benci ɗaya da sa'annin ƙannensa. Da yawa kunya ta kore su tun kafin talauci ya kore su. Namiji ya tafi ƙwadago a gonar wani, mace kuwa a ɗaura mata aure, don uban da ya rasa shanu da rumbu yana ganin ɗakin miji ya fi bukka tsaro. Ba na zargin uban nan. Ina dai cewa an bar shi ba zaɓi.

Doka ma da kanta ta bar giɓi. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, wadda Nijar ta amince da ita, a sashe na 22 ta daidaita ɗan gudun hijira da ɗan ƙasa a karatun firamare. Daga nan zuwa sama, abin da ta wajabta shi ne kada a ba shi ƙasa da abin da ake ba sauran baƙi. Alƙaluman hukumar UNHCR na 2024 sun nuna inda hakan ya kai mu a duniya: kashi 65 cikin ɗari na yaran 'yan gudun hijira suna firamare, kashi 42 a sakandare, kashi 7 kacal a jami'a da makamantanta. Hukumar na fatan kaiwa kashi 15 nan da 2030, amma ta yaya za a cika jami'a da waɗanda suka zube tun a hanya?

Na san 'ya'yan masu masauki ma a azuzuwan zana suke karatu, damina na sauka karatu ya tsaya. Saboda haka duk taimakon da zai zo, ya shigo makarantar da yaran suke zaune tare, kada a ware wa baƙo gini a bar ɗan gida a rana.

'Ya'yana, kun yi abin a yaba, Allah ya yi muku albarka. Malaman da suka riƙa zama da ku bayan an tashi, Allah ya saka musu da alheri. Ku sani akwai tallafin karatun jami'a na DAFI, wanda Jamus ta kafa a 1992 domin 'yan gudun hijira, amma sai mai takardar Bak, ta kammala sakandare, ke iya nemansa. Shekara uku ta lise, wato babbar sakandare, ce ke tsakaninku da ita, kuma lise a birni take.

Roƙona ga hukuma shi ne a buɗe ajin share fagen Faransanci ga manyan yara, a kuma sauƙaƙa musu takardar haihuwa tun kafin rajistar jarrabawa. Ku kuma attajirai da magidantan Maraɗi, kowane gida mai hali ya karɓi ɗalibi ɗaya, musamman 'ya mace, ya ba ta wurin kwana da abinci har ta gama. A rubuta sunaye wurin shugaban makaranta yau, kafin taron nan ya watse.