Gidan Ƙaramin Ma'aikaci: Karu Za A Ɗora Wa Nauyi Ko Cikin Birni?



Maganar da ta tara jama'a a yau ita ce ta gidajen masu ƙaramin ƙarfi, da gardamar da ake yi a kan ko ya dace hukuma ta kafa doka ta tilasta a gina su, in kuwa ya dace, a ina za a gina, kuma wa zai ɗauki nauyin. Babu wurin da ya fi Karu cancantar a yi wannan magana, domin wanda duk ya tsaya a bakin hanyar Keffi bayan sallar asuba zai ga rabin amsar da idonsa. Motoci ne jere tun daga Masaka da Mararaba, su ratsa Nyanya da Kugbo, sa'an nan su tsaya cik kafin mahaɗar AYA da ke Asokoro. Mutanen da ke cikinsu su ne akawuna da masinjoji da direbobi da masu gadi da ma'aikatan jinya, watau waɗanda in ba su iso ba, ba za a buɗe ofis ko ɗaya a Abuja ba. Da rana birnin yana bukatarsu, da magariba kuwa sai ya sallame su.

Wannan hali yana da asali. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Doka mai lamba 6, wadda ta yanke fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 domin sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Niyyar farko ita ce a kwashe dukkan mazauna yankin, Gbagyi da sauran kabilu, a sake musu matsuguni a waje. Amma da aka yi bincike aka ga mutanen sun fi yadda aka zata yawa, kuma kuɗin diyya ya fi ƙarfin baitulmali, sai aka sauya shawara a 1978, aka ce waɗanda aikin gina birni ya shafa kai tsaye su kaɗai za a tayar. Daga wannan ne aka sami Karu biyu: tsohuwar Karu da ta zauna cikin yankin birnin tarayya, da Sabuwar Karu da ke hayin iyaka, a Jihar Filato ta wancan zamani, wadda ta koma cikin Jihar Nasarawa a 1996. Taswirar birnin da aka miƙa a 1979 ta yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, ta kuma tanadi unguwannin manya da na matsakaita da na ƙananan ma'aikata a cikin birnin kansa. Shi ya sa aka gina wa ƙananan ma'aikata gidaje a Garki da Wuse, aka kuma kafa sansanin leburori a Nyanya, aka yi rukunin gidaje a Karu. Da aka tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, gidajen da aka gama ba su isa ba, saboda haka jama'a suka kwarara zuwa inda ɗaki ke da araha.

Ita kuwa gardamar tilastawa ba yau aka fara ta a ƙasar nan ba. Lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, gwamnatinsa ta yi alkawarin gidaje 40,000 a kowace shekara, watau 2,000 a kowace jiha, mafi yawansu domin talakawa. Sai dai Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta riga ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, don haka Gwamnatin Tarayya ba ta da ikon kafa ko tubali ɗaya sai gwamna ya nuna mata wuri. A wasu jihohin da ke hannun jam'iyyun adawa aka yi ta ja-in-ja a kan fili, a wasu wuraren kuma aka ba da fili can bayan gari, inda babu ruwa, babu hanya, babu motar haya. Abin da aka kammala kafin juyin mulkin ƙarshen 1983 bai kai kusa da alkawarin ba, wasu gidajen ma sun shekara da shekaru babu kowa a ciki sai awaki da jemagu. Duk da haka ba a yi asarar aikin gaba ɗaya ba, gama yawancin unguwannin da ake kira Shagari Kwatas gari ya riga ya cim musu, sun cika da mutane. A daidai wannan lokaci Gwamna Lateef Jakande ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Legas, a wurare irin su Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan, nasa kuwa suka yi saurin cika domin filin da gina gidan duk a hannu ɗaya suke.

To, a nan ne Abuja ta bambanta da kowace jiha. Sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce dukkan filayen yankin birnin tarayya mallakar Gwamnatin Tarayya ne, Minista ke raba su a madadin Shugaban Ƙasa. Babu gwamnan da zai hana, babu majalisar jiha da za ta yi gardama. Hujjar da ta ɗaure hannun Shagari ba ta da wurin zama a nan. Sashe na 16 kuma ya ɗora wa hukuma nauyin samar wa 'yan ƙasa muhalli mai kyau, ko da yake yana cikin sassan da ba a kai gwamnati ƙara a kansu, shi ya sa ya zama tamkar alkawarin da babu shaidu.

Me aka yi da wannan iko? A shekarar 2000 aka ɓullo da shirin gina gidaje masu yawa ta hannun 'yan kasuwa. Hukuma ta ba kamfanoni manyan filaye a kan kuɗi kaɗan, ta ɗauki alkawarin kai manyan hanyoyi da ruwa da lantarki, su kuwa su gina su sayar. An gina, ba a ce ba a gina ba, ga Lokogoma da Galadimawa nan shaida. Amma farashin ya wuce aljihun wanda aka yi shirin dominsa. Filin na jama'a ne, ribar ta tafi wani wuri. Daga 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta mayar da haƙƙin gidan ma'aikaci kuɗi a cikin albashi, sa'an nan aka sayar da gidajen gwamnati na cikin birni a zamanin Minista Malam Nasiru el-Rufa'i. Ma'aikata da yawa sun mallaki gida ta wannan hanya, abin farin ciki ne, sai dai wanda aka ɗauka aiki bayansu ya tarar babu sauran gidan da za a ba shi. A shekarun nan ne kuma aka yi rusau a unguwanni irin su Idu-Karmo da Chika domin mayar da birnin kan taswirarsa, waɗanda aka tayar kuwa da yawansu wannan hanya ta Keffi suka nufo.

Yana da amfani a leƙa ƙasashen waje, domin can ma an sha wannan gardama, ko da yake a juye take. A Amurka masu kuɗi ne ke zaune a bayan gari, talakawa a tsakiya, kuma garuruwan bayan gari kan kafa ƙa'idar cewa ba a gina gida sai a kan babban fili, don kada talaka ya sami shiga. A 1975 Kotun Ƙoli ta Jihar New Jersey ta yanke hukunci a shari'ar garin Mount Laurel cewa kowane gari mai bunƙasa dole ya ɗauki rabonsa na gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Garuruwan suka yi kunnen uwar shegu, sai da kotun ta ƙara tsananta hukuncin a 1983, majalisar jihar kuma ta yi doka a 1985. Amma dokar ta bar wata kafa: garin attajirai yana iya biyan wani gari matalauci kuɗi ya karɓar masa har rabin rabonsa. Haka aka yi ta yi, talaka yana nan inda yake, har aka toshe kafar a 2008. A Mount Laurel ɗin kanta, sai a shekarar 2000 aka buɗe gidajen da aka yi shari'ar dominsu. Faransa ma ta yi doka a 2000 cewa kashi 20 cikin ɗari na gidajen manyan garuruwa su zama na masu ƙaramin ƙarfi, ta ɗaga zuwa kashi 25 a 2013, wanda ya ƙi a ci shi tara, wasu garuruwan attajirai da ke gefen Paris kuwa suka gwammace biyan tarar.

Wannan kafa ta New Jersey ita ce abin da ya kamata mutanen Karu su sa wa ido, domin abin da aka hana a can shi ne ake yi a nan ba tare da an biya ko sisi ba. Maitama da Asokoro da sababbin gundumomi sun sauke rabonsu a kan Karu da Nyanya da Jikwoyi da Kurudu, ragowar kuma ya tsallaka Mararaba, inda nauyin makaranta da asibiti da kwashe shara ya faɗa kan Jihar Nasarawa. Saboda haka duk dokar da za ta ce a ƙara jibge gidajen talakawa a garuruwan gefe, alhali ba ta taɓa cikin birni ba, ƙara wa mai kaya kaya ne. Inda ya dace tilas ta faɗa shi ne kan kamfanin da ya karɓi filin jama'a da araha: a rubuta masa a takardar filin cewa kaso kaza na abin da zai gina na ƙananan ma'aikata ne, a cikin rukunin, kuma ba za a yarda ya fanshi kansa da kuɗi ko ya kai kason can bayan Karshi ba.

Masu adawa da wannan suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Masu gini suna cewa asarar da za su yi a ƙananan gidaje a kan sauran masu saye za su ɗora ta, ga siminti da rodi kullum suna hawa. Amsar ita ce an riga an biya su da filin. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta rabo, domin an sha gani a ƙasar nan gidan da aka gina wa masinja ya ƙare a hannun maigidansa, ko kuwa masinjan ya karɓa yau, gobe dillali ya sayar masa, ya koma inda ya fito. Wannan ba ta da magani sai a buga sunayen waɗanda aka ba kowa ya gani, a kuma hana sayarwa har wasu shekaru. Akwai kuma lissafin da ba ya ƙarya. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata, watau 840,000 a shekara. Ko da an ce gida naira miliyan 8 ne kacal, albashin kusan shekara goma ke nan, ba ci ba sha. A watan Fabrairun shekarar 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana, amma mai irin wannan albashi ba mai saye ba ne, ɗan haya ne. Don haka wani ɓangare na kason ya kamata ya zama na haya, a riƙa biya wata-wata, maimakon kuɗin shekara guda ko biyu da masu gidaje ke nema a dunƙule.

Ita kuwa Karu, abin da take bin hukuma ba sababbin rukunai ba ne tukuna. Yawancin ɗakunan da suka rufa wa ma'aikatan Abuja asiri shekara da shekaru talakawa ne suka gina su, ciki da falo bayan ciki da falo, a kan filayen da aka saya a hannun 'yan asalin gari da takardar da hukuma ba ta ɗauke ta shaidar mallaka ba. Mai irin wannan gida ba ya samun rancen banki, kuma ba ya kashe kuɗi a kan gyara mai ɗorewa, tun da bai san ranar da za a shafa wa bangonsa jan fenti ba. A tantance waɗannan filaye a ba su takardu, a kai ruwan famfo domin a rage dogara ga 'yan garuwa, a yi magudanai da hanyoyin cikin unguwa. Gbagyin da aka karɓi gonakinsu kuma a sa su a sahun farko na rabon duk abin da za a gina a kan waɗannan gonaki, a kuma biya diyyar tun kafin katafila ta shiga gona.