Mai Bin Diddigin Gwamnati: A Zaɓe Shi Ko A Naɗa Shi?



Duk wanda ya taɓa kai buhun masara Kasuwan Magani ran Alhamis ya san ba a barin mai saye ya auna wa kansa, kuma ya riƙe mudun a gidansa. Amma a sha'anin mulkin ƙasar nan abin da ake yi ke nan tun shekaru masu yawa. Gwamna shi ke naɗa shugaban hukumar zaɓen jiha da sauran membobinta, Majalisar Dokoki ta amince, kamar yadda sashe na 198 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Shi ne kuma ke naɗa Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, watau odita, bisa shawarar hukumar ma'aikata. A can Abuja kuwa Shugaban Ƙasa ke naɗa shugabannin INEC da EFCC da ICPC. Saboda haka ne wasu masu kishin gyara suka kawo shawarar cewa a karɓe wannan iko daga hannun masu mulki, a bar talakawa su zaɓi masu binciken cin hanci da maguɗin zaɓe da ƙuri'arsu, yadda suke zaɓen kansila ko gwamna. Wannan shawara ita za a auna yau.

Lalle masu wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi, domin tarihin hukumomin bincike a Nijeriya tarihin naɗawa ne da tuɓewa. Malam Nuhu Ribaɗu, shugaban EFCC na farko, a ƙarshen shekarar 2007 aka ɗauke shi daga kujerarsa da sunan tura shi kwas a Kuru, 'yan makonni kaɗan bayan hukumar ta kama tsohon gwamnan Delta, James Ibori. Ibrahim Magu sau biyu Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da shi, ya ci gaba da riƙon ƙwarya har aka dakatar da shi a watan Yulin 2020. Abdurrashid Bawa ma dakatarwa aka yi masa a watan Yunin 2023. A Kano, Muhuyi Magaji Rimin Gado, shugaban hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da rashawa ta jiha, an dakatar da shi a 2021, sa'an nan da gwamnati ta sake hannu a 2023 aka mayar da shi. Ko waɗannan mutane suna da laifi ko ba su da shi, wannan magana ce ta kotu. Abin lura shi ne, kowannensu ya san kullum cewa alƙalamin da ya rubuta takardar naɗinsa bai bushe ba.

Haka nan a wajen zaɓe. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi mulki yana da naƙasu, ya kafa kwamiti a ƙarƙashin marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, mutumin Zariya, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Disambar 2008. Kwamitin ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman mai gurfanar da masu laifin zaɓe, kuma a cire hannun Shugaban Ƙasa daga tsamo shugaban INEC, a ɗora wa Majalisar Alƙalai ta Ƙasa nauyin tace masu neman kujerar. Gwamnati ta ƙi wannan shawara ta biyu. Ta farkon kuwa, Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudurinta a 2021, amma wa'adin majalisar ya ƙare bai zama doka ba. Shi ya sa da aka ɗaure Farfesa Peter Ogban shekara uku a 2021 saboda sauya alƙaluman zaɓen sanata a Akwa Ibom, labarin ya gama ƙasa, don ba a saba ganin irinsa ba.

To, akwai inda ake zaɓen irin waɗannan jami'ai? Akwai. A Amurka, jihohi 43 daga cikin 50 jama'a ke zaɓen antoni janar nasu, a jihohi da dama kuma har odita da sakataren jiha mai kula da zaɓe ƙuri'a ke kawo su. Jihar Jojiya kaɗai ta isa misali, domin ta nuna fuska biyu cikin shekara uku. A 2018 sakataren jihar, Brian Kemp, ya tsaya takarar gwamna alhali yana riƙe da ofishin da ke kula da zaɓen, watau ɗan wasa ne kuma shi ne alƙalin wasa, ya kuwa ci. Sa'an nan ran 2 ga Janairun 2021 Shugaba Donald Trump ya buga wa magajinsa, Brad Raffensperger, waya yana neman a samo masa ƙuri'a 11,780, mutumin ya ƙi, ko da yake jam'iyyarsu ɗaya, kuma babu yadda Shugaban Ƙasa zai tuɓe shi tun da ba shi ya naɗa shi ba. Tsari ɗaya ne ya haifi abin kunya da abin yabo.

Yanzu sai a kawo maganar gida, a ɗauka gobe an ce Ƙaramar Hukumar Kajuru za ta zaɓi mai bin diddigin kuɗinta. Tambaya ta fari, wa zai shirya zaɓen? Hukumar zaɓen jiha ce, wadda gwamna ya naɗa. Jihar Kaduna ta gwada na'urar jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi na 2018 da na 2021, ita ce jiha ta farko da ta yi haka a ƙasar nan, kuma a duka biyun jam'iyyar adawa ta sami wasu kujerun shugabanci. A 2024 aka koma takarda, jam'iyya mai mulki ta kwashe kujeru 23 duka da na kansiloli 255. Kada a ɗauka wannan halin jam'iyya ɗaya ne, domin kusan kowace jiha, ko wacce jam'iyya ke riƙe da ita, haka sakamakon ke fita. Mai binciken maguɗi da ya fito daga irin wannan akwati, da wane ido zai dubi akwatin?

Ban da wannan akwai maganar kuɗi. Tsarin Mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, tilas sai jam'iyya ta tsayar da mutum. Sayen fom, buga hotuna, man mota daga Kufana zuwa Maro zuwa Kallah, abincin wakilan rumfa, duk wani ne zai biya, kuma wanda ya biya ɗan kwangila ne ko ubangidan siyasa, watau ainihin mutanen da za a bincika. Kowa ya ci ladan kuturu ya san aikin da ke jiransa.

Abu mafi nauyi kuwa, jama'ar garin nan sun fi kowa saninsa. Ran Alhamis 18 ga Oktoban 2018 rigima ta tashi a cikin kasuwar nan, 'yan sanda suka ce mutum 55 sun rasa rayukansu, wutar kuma ta yi tsalle har cikin birnin Kaduna. A wurin da ke ɗauke da irin wannan tabo, takarar mai bincike ba za ta daɗe ba ta koma tambayar masallaci yake zuwa ko coci, Adara ne ko Bahaushe ko Bafulatani. Idan ya ci ya tuhumi wani daga ɗaya ɓangaren, sai a ce ramuwa ce. Idan ya tuhumi nasa, sai a ce ya sayar da 'yan'uwansa. Ɓarawo kuwa ba abin da yake so kamar a mayar da zancen kuɗin da ya ɗauka zancen addini. Dattawan da ke nan za su tuna yadda Majalisar Dokokin tsohuwar Jihar Kaduna, wadda jama'a suka zaɓa kuma doka ta ba ta ikon sa ido kan gwamna, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, har ta tsige shi ran 23 ga Yunin 1981. Har yau ana gardama kan wa ke da gaskiya, amma kowa ya ga yadda ƙuri'ar tsigewar ta bi layin jam'iyya.

Saboda haka, a halin da ake ciki, zaɓen mai bincike kai tsaye ya fi kama da ƙara wa jam'iyyu kujera guda. Hanyar da kwamitin Uwais ya nuna ta fi kusa da biyan bukata: wanda za a bincika kada ya naɗa, kada ya iya tuɓewa sai da hujja a gaban majalisa, kuma kuɗin ofishin kada ya biyo ta teburinsa. Ba baƙon abu ba ne ma a nan. Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da gwamnatin Janar Murtala ta kafa a 1975, wadda marigayi Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule ya fara shugabanta, an kwaikwayo ta ne daga ƙasar Suwidin, inda majalisa ke zaɓen irin wannan jami'i tun 1809. Rauninta shi ne shawara kawai take bayarwa, ba ta gurfanar da kowa.

Kafin a kai ga gyaran Tsarin Mulki, wanda sai kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi sun amince, akwai abin da ke hannun jama'a. Kansilan mazaɓa zaɓaɓɓen mai sa ido ne tun asali, shi ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, sai dai ba a cika tambayarsa abin da ya karanta a ciki ba. Ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kowane wata ana buga adadin abin da aka ware wa kowacce, har da Kajuru. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ta manoma da ta mata za su iya tsayar da kwamiti na mutum shida ko takwas, rabi daga kowane ɓangare, waɗanda ba sa neman kujera, su riƙa karanta wannan adadi a bainar jama'a ran kasuwa, da Hausa da harshen Adara. Idan aka ce an gina aji ko an haƙa rijiya, su je su gani da idonsu, sa'an nan su rubuta takardar neman bayani a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ofishin gwamnati kwana bakwai ya amsa, su ajiye kwafi mai ɗauke da hatimin ranar da aka karɓa.