Filin Gida, Ruwan Sama Da Haƙƙinmu A Barunde



Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin nan yake cika yana batsewa. Gonakin da ke bayan gari sun koma filaye, filaye sun koma gidaje, mu ma cikin wannan cikowa muka samu wurin zama. To amma ƙasar Gombe rairayi ce mai saurin zaizayewa, kuma wanda ya ga ambaliyar watan Agusta na 2004 ba sai an ba shi labari ba.

Masana suna auna nauyin da aka ɗora wa ƙasa ne ta hanyar hotunan tauraron ɗan'adam: kashi nawa rufin kwano da siminti suka rufe, kashi nawa ya rage da zai sha ruwa. Mu ma za mu iya yin lissafin a gida. Fili mai ƙafa 50 a 100 ya kai kusan murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwan milimita 30, abin da zai sauka a kansa kusan lita 14,000 ne, wato duro 70. In mun shafe tsakar gida da siminti kakaf, duron nan 70 kan titi za su fita, su haɗu da na maƙwabta, su yi ta cin bakin kwazazzabo har su kai gindin katangar wani. Sau da yawa kuwa wanin nan baƙo ne, domin filin bakin kwari shi ne mai arha.

Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar gida a ko'ina cikin ƙasar nan. Sai dai Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun Gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kamar gina magudanar ruwa, sashe na 29 kuma ya tanadi diyyar abin da aka gina a kai. Ranar biyan diyya, takarda ake tambaya, kuma rasit ɗin dillali ba ya kai takardar mallaka ƙarfi.

Saboda haka muna roƙon kowane magidanci ya je ofishin GOGIS ya duba matsayin filinsa kafin damina. Mai shirin gini ya bar wani ɓangare na tsakar gida ƙasa, ya dasa ko da darbejiya ɗaya ce. Shara kuma a daina zuba ta cikin kwata.